Farin Taki a Gonar Nababa

Sufeto Muntaka ya isa masana'antar Mala a gefen Watari da hantsi, ya tarar da manoma sun fi talatin a bakin ƙofa, har da mai jarkar fetur. A shekarar da buhun taki ya gagari talaka, ga bututun ban-ruwan da suka saya wurin Mala duk sun farfashe, tumatir na ƙonewa a gona.

"Yau sai mun ƙone wurin nan! Ya tattara ya koma inda iyayensa suka fito!" in ji Nababa, wani dogon manomi da ke jagorantar taron.

"Wanda ya ƙyasta ashana, a bayan kanta zai yi azahar," Sufeto ya daka musu tsawa. Ya tsani taron gayya, kuma bai ɓoye ba.

A ciki, Mala na tsaye kusa da injin niƙa tsofaffin robobi. Sufeto ya ƙarasa wurinsa.

"Kai ka kira cewa an yi maka sata. Yaushe?"

"Jiya, ranka ya daɗe."

Sufeto ya shafa wurin da aka ce buhunan suke. Ƙura ce har da yanar gizo.

"Malam, kada ka raina min hankali."

Mala ya sunkuyar da kai. "Wata guda ke nan. Buhu huɗu na sinadari. Robar jarka da ta bokiti ba sa kama juna in an narka su, sai an zuba shi. Mutane suka matsa min, na yi bututun haka nan."

"Wato ka san zai fashe."

"Na yi fatan ba zai fashe ba."

Sufeto ya yi tsaki. Ya ɗebi ragowar sinadarin a hannu. Ƙwayoyi ne farare, ƙanana, sak takin yuriya.

Ya ce a kai shi gonar da ta fi ɓaci. Nababa ya shige gaba zuwa gonarsa yana kumfar baki, taron na biye.

Sufeto bai ko kalli bututun ba. Ya tsuguna a bakin fangali. Fararen ƙwayoyi birjik a gindin tumatir, wasu na yawo a kan ɗan ruwan da ya kwanta.

"Mene ne wannan?"

"Yuriya ce. A kasuwar Makoda na saya."

"Yaushe ka zuba?"

"Sati uku."

Sufeto ya juya ga taron. "Ku ne manoma. Yuriya na yin sati uku a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta narke ba?"

Wani dattijo ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya gatsa, ya tofar. "Wallahi roba ce!"

Nababa ya dafe kai. "Na hango buhunan ta taga ranar da na je sayen bututu. Na ɗauka taki ne Mala ya ɓoye. Shekara biyu gonata ba ta ga taki ba."

"Ka sace abin da ke riƙe bututun, sannan ka tara jama'a su ƙone mutumin. Tir!" in ji Sufeto.

Aka danna masa ankwa. Sufeto ya nuna Mala da yatsa. "Kai ma gobe ina jiranka a ofis."

Har an kai Nababa bakin mota, ya waiwayo.

"Mala, don Allah, yaushe abin nan zai ruɓe a gonata?"

Mala ya dube shi ba tausayi. "Jikokinka ma za su tarar da shi."