Ranar da Auta Ta Faɗi Lambar Sirri

Auta yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma bakinta ya fi tunaninta sauri. Ta tsani a ce akwai abin da ba ta sani ba.

Ummanta tana aiki a wani babban kanti. Tun safe har yamma a tsaye take, tana sallamar masu sayayya. Manajan kantin kuwa ɗan sa-ido ne na gaske. Ya ce kowane ma'aikaci ya ba shi lambar sirrin shafinsa na sada zumunta. Umma ta ƙi.

"Aiki na zo yi, Yallaɓai," in ji ta. "Hirata da 'yan'uwana ba ta kanti ba ce."

Wata rana aka tashi makaranta da wuri. Auta ta biya kantin, ta zauna a kan kwali a ɗakin ajiya tana jiran Umma. Sai ga Manaja yana murmushi, da alawa a hannu.

"'Yar mitsitsiya kamarki ai ba ta iya buɗe shafin ummanta ba," in ji shi.

"Ni? Kullum ina buɗewa!"

"Kai, ban yarda ba. Faɗi lambar mu ji."

Auta ta faɗa tsaf, har da ɗaga kai.

Washegari Umma ta dawo gida tun rana ba ta yi ba. Ta zauna a bakin gado, ko takalmi ba ta cire ba.

"Ya sallame ni," ta ce wa Abba. "Ya shiga shafina. Ya ga na faɗa wa Yaya gwiwata tana ciwo. A gaban kowa ya karanta. Wai ba sa riƙe gurguwa. To, wa ya ba shi lambar?"

Auta ta fashe da kuka.

"Umma, ni ce. Cewa ya yi ban sani ba."

Umma ta dube ta, ta kau da kai. Da ma dukanta ta yi, da ya fi wa Auta sauƙi.

Abba ya jawo ta kusa. "Babba ya yaudari yaro, laifinsa ya fi naki. Amma ke ma kin ba da abin da ba naki ba. Gobe za ki faɗi gaskiya a gaban mai kantin."

Mai kantin dattijuwa ce. Ta saurari Auta har ƙarshe, sannan ta sa aka kira Manaja.

"Kanti na ba ka ka kula da shi, ba sirrin mutane ba," in ji ta. "Ka ji kunya!"

Umma ta koma aikinta, har aka ba ta kujera. Auta ta yi tsalle don murna.

Amma a hanyar gida, wani ma'aikaci ya ɗaga murya: "Sannu, ya gwiwar?" Umma ta sunkuyar da kai. Ba ta so kowa ya sani ba.

"Kin gani?" ta ce, tana riƙe da hannun Auta. "Aiki ya dawo, na gode wa Allah. Na kuma yafe miki. Amma sirri in ya fita, ba ya dawowa. Kada ki ƙara ba kowa lambar sirrin wani, komai daɗin bakinsa."

"Ko da babba ne, Umma?"

"Ko da babba ne."