Bahijja da Doya Guda Ɗaya

A Wukari aka haifi Bahijja, can cikin jihar Taraba. Tana aji biyar Babanta ya tattara keken ɗinkinsa, suka dawo Kano. Mahaifiyarsa, wadda yara suke kira Ya Kaka, ta tsufa, babu mai kula da ita. Sai suka zauna tare da ita a unguwar Zaitawa.

Bahijja ta ji daɗin Kano. Ta yi ƙawaye a makaranta, ga Ya Kaka mai ba da labari. Abu ɗaya ne ya dame ta: abinci.

A Wukari doya ba abin marmari ba ce. A dafa da safe, a soya da rana, a yi sakwara da yamma. A Kano kuwa kullum tuwo, ko wake da shinkafa.

"Umma, yaushe za mu ci doya?" in ji Bahijja.

"Doya a nan tsada gare ta," in ji Umma. "Ki yi haƙuri."

Bahijja ba ta yarda ba. Doya ce za ta yi tsada?

Ranar Asabar Umma ta ba ta kuɗin cefanen yau da na gobe. "Ki sayo wake da tumatir da albasa da mai. Kada ki tsaya wasa."

A bakin Ƙofar Wambai Bahijja ta hangi mai baro da doya. Nan take yawunta ya tsinke.

"Malam, nawa ƙwarya?"

Mutumin ya yi dariya. "Ƙwarya? 'Yammata, a nan ɗai-ɗai muke sayarwa."

Ya faɗi kuɗin guda ɗaya. Bahijja ta buɗe baki. A Wukari doyar wannan kuɗin sai an taya ta ɗauka. Amma kwaɗayi ya riga ya kama ta. Ta miƙa masa duk abin da ke hannunta, ta karɓi doya guda ɗaya, 'yar siririya.

Da Umma ta gani, sai ta tambaye ta.

"Ina waken?"

"Umma, kuɗin ne ya ƙare."

Umma ba ta dake ta ba. Ta fere doyar, ta dafa, ta zuba ɗan gishiri da ragowar mai. Aka raba wa kowa yanka biyu.

Ƙanenta Mikail ya cinye nasa, ya lashe hannu. "Umma, ban ƙoshi ba."

Umma ta tura masa nata. Ya Kaka ma ta ce wai ba ta jin yunwa, ta ƙara masa. Bahijja ta ga Umma ta ɗebi ruwa ta sha, ta koma gefe.

Washegari koko kawai aka sha, babu ƙosai. Mikail ya yi ta kuka. Bahijja ta je ta durƙusa gaban iyayenta.

"Baba, Umma, ku yafe mini. Ni na jawo."

Baba ya ce, "Tashi, zauna nan. A Wukari gonar doya tana bayan gari. Kafin ta iso Kano sai mota ta yi doguwar tafiya, shi ya sa kuɗinta yake hawa. A can muna da rijiya, a nan sai mun sayi ruwa wajen 'yan garuwa. Amma a can muna biyan haya, a nan gidanmu ne. Kowane gari da abin da ya fi sauƙi a cikinsa."

Da Baba ya samu kuɗin wani ɗinki, Umma ta ja Bahijja kasuwa. Ta ce Bahijja ce za ta yi ciniki.

Bahijja ta taya tumatir, aka cika mata leda har da gyara. Albasa ma haka. Ta sayi wake da garin rogo da kuka, ga canji ya rage.

"Umma, a Wukari tumatir huɗu ake ba mu a wannan kuɗin!"

"To, kin gani," in ji Umma tana murmushi.

Da suka dawo, Ya Kaka ta koya mata yin ɗanwake. Bahijja ce ta dinga jefa shi a tafasasshen ruwa. Aka zuba mai da yaji da yankakken tumatir. Mikail ya ci har ya kwanta a tabarma yana shafa ciki. Umma ma ta ci ta ƙoshi, har aka miƙa wa maƙwabta.

Daga ranar Bahijja ta gane cewa kuɗin cefane amana ne, ba na biyan kwaɗayin mutum ɗaya ba. Ta kuma koyi cewa in ka sauya gari, sai ka duba abin da ya fi araha a wurin, ka sayi wanda zai ishi kowa a gida.