Sha Bakwai Bisa Ashirin

A rumfarsa ta canji a Ɗan Issa, kusa da iyakar Najeriya, Rabi'u ya fara ganin Bushira. Ta zo daga Madarunfa canza sefa zuwa naira, rungume da takardunta kamar jariri. Mutumin da bai taɓa kuskuren lissafi ba, ranar sau uku ya ƙirga kuɗinta.

"Malam, ko in taya ka?" ta ce tana dariya.

Kafin motar Katsina ta cika, ya san ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, da maki sha bakwai bisa ashirin, tana neman karatun likita a wata jami'a a Najeriya. Lambarta ma ya samu.

Soyayya ta kankama, amma mahaifinta Malam Hamisu ya ƙi.

"Yarinyar da ta fi kowa a lekol, in ba ɗan canji? Ina!"

Ana haka sai saƙonta ya shigo wayarsa:

"Rabi'una, jami'ar sun ɗauke ni, amma sun hana ni burs, tallafin karatun nan, wai makina bai kai ba. Kuɗin makaranta na baƙi kuwa ninki uku ne, ko Baba ya saida gona ba za su isa ba. Na haƙura."

"Likitata, share hawayenki. Turo min hoton takardar da suka aiko."

Yana dubawa ransa ya ɓaci. A can bisa ɗari ake ba da maki, sai wani ma'aikaci ya kwafe sha bakwai ɗinta haka nan, ya mai da gwarzuwar Madarunfa daƙiƙiya. Rabi'u ya rufe rumfa ranar kasuwa, ya hau mota zuwa jami'ar. Kwana biyu yana zaman benci kafin a shigar da shi gaban shugaban ofishin tallafi.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko mai nisa ba, canji ne sana'ata. Abin da ya tsallako iyaka, sai an canza shi kafin a san darajarsa. Mu a ƙasarmu bisa ashirin muke ba da maki. Sha bakwai ɗin nan tamanin da biyar ne a wajenku."

Mutumin ya lissafa, ya cire tabarau. "Bana babu baƙon da ya kai ta."

Wallahi Rabi'u ji ya yi kamar shi ya ci jarrabawar. Tun a ƙofa ya rubuta mata: "An ba ki, gaba ɗaya. Je ki gaya wa Baba."

Washegari Malam Hamisu ya aika a kira shi.

"Kwana biyar takardar nan tana hannuna ban ga kuskuren ba. Na ba ka Bushira, Rabi'u. Sharaɗina ɗaya, ta gama karatu."

"Baba, ni da kaina zan kai ta."

Ranar Juma'a aka ɗaura aure, aka shafa fatiha. Ranar Litinin ango ya ɗauko akwatin amarya a ka har tasha, duk wanda ya tambaye shi ina zuwa sai ya ce, "Matata zan kai jami'a."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa albarka a karatun.