Ranar da Kulu Ta Daina Cewa Da Sauƙi

Taɓarya ta suɓuce daga hannun Kulu, ta durƙushe gefen turmi tana dafe da mara. Zufa ta karyo mata.

"To, an fara!" in ji surukarta, Hajiya Gimbiya, daga bakin ɗaki. "Duk wata sai an yi muna wagga kwanciya. Shekara shida, ba haihuwa, ba aiki! Maitama, in Salla ta wuce ka maishe ta gidansu Zurmi. Na gaji!"

Maitama, mijin Kulu, direban lori ne tsakanin Ƙaura da Shinkafi. Ya sunkuyar da kai. Shi ma wallahi ya gaji, amma ba da Kulu ba. Ya gaji da saiwoyi, ya gaji da hayaƙin korar iska. Sau biyar ana kai ta asibiti, ana dawowa da Fanadol.

Ga inda matsalar take. Hajiya ke raka ta har gaban likita. Likita ya ce, "Ya jiki?" Kulu ta ja mayafi ta ce, "Da sauƙi." To me za ta ce? Ɗiyar mutunci ta yi zancen al'ada gaban uwar miji? Haba! Sai a rubuta tana samun sauƙi, a sallame su.

Karo na shida Hajiya ta ce ƙafarta ta gaji, Maitama ya kai ta da kansa. Suka tarar da Sista Doosuur, nas ɗin da ta shekara ashirin a Ƙaura. Ta kore shi waje, ta rufe ƙofa.

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Ɗiyata, wannan gaisuwa ce, na amsa. Yanzu gaya mini gaskiya."

Kulu ta fashe da kuka. Ta faɗi komai: tun tana budurwa ciwon ke zuwa da jinin wata, kamar ana murɗa mata hanji, har kwanciyar aure azaba ce.

Aka ba su takarda, suka hau jirgin ƙasa zuwa Zariya. Can likitoci suka leƙa cikinta da wani siririn ƙarfe mai fitila. Suka ce endometriyosis ne: irin naman da ke cikin mahaifa ne ya tsiro a wajenta, yana zubar da jini a ciki duk wata. Akwai magani mai rage ciwo. Haihuwa kuwa, mai yiwuwa, amma ba alkawari.

"Ashe yana da suna?" in ji Kulu, a gajiye. "Ashe ba raki nake ba?"

Da suka dawo, Maitama ya durƙusa gaban uwarsa, ya gaya mata abin da likitoci suka gano. "Inna, ki gafarce ni, ba ni sakinta. Kunyarki ta hana ta magana shekara shida."

Hajiya ta tashi ta shige ɗaki. Kwana uku tana kau da ido in sun haɗu da Kulu.

Wata ya zagayo, Kulu ta sake tsayawa cak bakin turmi. Hajiya ta matso a hankali.

"Ya jiki?"

Kulu ta ɗago kai. "Inna... yau babu sauƙi."

Tsohuwar ta karɓi taɓaryar, idonta ya cika da ƙwalla. "Tai ki kwanta, ɗiyata. Zurmi kuwa, sai dai ziyara."

Haƙuri ya yi wa Kulu rana. Amma kunya ado ce a tsakar gida, ba a gaban likita ba. Wanda ya ce da sauƙi alhali yana mutuwa, gaisuwarsa za a yi wa magani.