Shafi Na Arba'in da Ɗaya

A ɗakin gyaran rubutu na wata maɗaba'a suka haɗu, ƙarƙashin fanka mai ƙara ba iska. Shi marubuci ne, da littafinsa na farko a hammata. Ita ce mai gyara, da jan biro a hannu. Ta karanta shafi uku, ta tambaye shi laifin da mutanen labarin suka yi masa, don kowa a ciki wawa ne, sai wanda ya rubuta su.

Ya fita a fusace. Washegari ya dawo wai ya ƙara shafi. Kashegari ma haka. Littafin ya yi ta ƙiba, marubucin yana ramewa.

"Jan Birona," ya rubuta mata, "yau sau huɗu na wuce ƙofarku. Mai gadi ya fara tambayata lafiyar gida."

"Sarkin Gatse, ko ka shigo ko ka zauna. Tausayin takalminka nake ji."

Mahaifinta tsohon malamin adabi ne. Da aka zo masa da maganar aurensu, bai tambayi asali ko sana'a ba, littafin ya ce a kawo. Bayan kwana biyu ya kira 'yarsa, ya ce yaron ya iya jimla, amma daga saman bene yake kallon jama'a.

"Wanda ya raina mutanen da ya ƙirƙira da hannunsa, ina ga wadda aka ba shi amana?"

Shi tsohon ya fi so ta auri mai kemis ɗin layinsu, wanda kalamansa ke da zaƙi kamar maganin tari, har da sa barcin.

Marubucin ya ji, ya rasa wurin zama. Cikin mako guda ya zuba wa littafin zuma, kowane wawa ya zama bawan Allah. Ta karanta, ta aika masa: "Wannan ba muryarka ba ce. In zaƙi nake so, mai kemis ya fi ka iyawa."

Ya ɗauka sallama ce, ya kashe waya. Kwana tara tana leƙa taga, tana gyara waƙafin da ba shi da laifi. A na goma ta ɗauki tsohon rubutun, ta buɗe wa mahaifinta shafi na arba'in da ɗaya, ɗaya daga cikin waɗanda aka ƙara, wanda karatun tsohon bai kai gare shi ba. Wata mata ce a ciki, tana ciza murfin biro in ta ga kuskure, tana jin kunyar nuna shi.

Tsohon ya karanta sau biyu, ya dubi cizajjen biron da ke hannunta, ya ce a kira masa yaron.

"Shafi arba'in kana yi wa mutane dariya," in ji tsohon, da yaron ya iso. "A nan kuma ka cire takalmi ka shiga da sallama. Me ya faru?"

"Na nemi abin da zan yi wa gatse, Baba. Ban samu ba."

A bayan labule wani kofi ya faɗi.

Ranar ɗaurin aure mai kemis ya zo, ya yi addu'a mai tsawo, wasu suka yi gyangyaɗi. Tsohon ya miƙa wa ango rubutunsa, da jan biro a gefen shafin nan: "Ka ci gaba daga nan. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka."