Inda Efad Yake Jan Numfashi

A wurinmu mace ke goga anzad, gogenmu mai tsirkiya ɗaya, namiji ya yi waƙar. Haka muka yi shekara ashirin da biyu da mijina Efad. Da ayarin gishiri ya dawo daga Bilma babu shi, ban yarda wani namiji ya ɗora murya a kan tsirkiyata ba. Na ce ni zan koyi waƙar.

Abin ya ƙi. In na buɗe baki hannu ya tsaya, in hannu ya tafi murya ta shaƙe.

Wata magariba ina fama a bayan tanti, sai ga baƙo durƙushe nesa da wuta, fuska rufe da rawani kamar kowane namiji. Ban ji zuwan raƙuminsa ba. Na miƙa masa ruwa a akushi, ya daɗe yana sha, ya dawo mini da akushin a cike.

"Baiwar Allah, kokawa kike da hannunki," in ji shi, murya a bushe. "Ƙyale shi, ya san hanya. Biyo ni."

Ya fara, na bi shi. Ranar hannuna da bakina suka fara tafiya tare. A tsakiyar baiti na uku ya yanke, ya ja numfashi a inda ba a ja. Hannuna kuwa ya riga ya tsaya yana jiransa.

Mutum ɗaya na yi shekara ashirin da biyu ina yi wa faɗa a kan wannan wurin.

"Tekna," ya kira ni da sunana, ya ce, "har yanzu ban gyara ba."