Kalmar da Na Ji Ta Bayan Ƙofa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai yi nisa ba, kuma wace mace ce za ta so a ce labarin soyayyarta da ƙwarƙwata ya fara? Ƙanwata Bridie ce ta matsa mini.

Da yaƙin duniya na biyu ya tashi, aka kwashe yaran makarantun Liverpool zuwa ƙauyukan Wales don gudun bam. Bridie ba ta wuce shekara bakwai ba, sai na biyo ta a matsayin mai taimaka wa malamai. A tasha mahaifiyarmu ta riƙe ni ta ce, "Noreen, ko me za a yi, kada ki yarda a raba ku."

Aka sauke mu gidan gonar Misis Pritchard da ɗanta Gwilym, wanda aikin gona ya sa ba a ɗauke shi soja ba. Shi ba mai surutu ba, ni ga kunya. Sai dai ina da son sanin komai, kuma yarensu na Wales, wanda ba Turanci ba ne, ya tsaya mini a rai. Kome na gani sai in nuna.

"Wannan fa?"

Ya faɗa, in maimaita, ya yi dariya har ya dafe ciki. A haka zuciyata ta tafi ban sani ba.

Amma kalmar farko da na koya ba daga bakinsa ba ce. Ranar da muka iso matan ƙauyen suka yi ta raɗa ta suna kallon kawunan yaranmu: llau. Ƙwarƙwata ke nan.

Duk mako Nas Probert takan zo makaranta da matajinta na ƙarfe. Wanda aka samu da ita sau da yawa, sai a aske shi a kai shi gidan jinya a wani gari har ya rabu da ita. Ranar nan ta buɗe gashin Bridie, ta ɗago ta dube ni.

"Kuma dai, Noreen? In na sake gani, ba ruwana."

"Yaya, kai ni za a yi?" in ji Bridie, idonta ya cika.

"Ba inda za ki."

Gwilym kaɗai na gaya wa, a bakin garke. Na roƙe shi kada mahaifiyarsa ta ji, don matar ko ƙofar gida sai ta wanke da sabulu.

Da yamma ina shigowa da ruwa, na ji shi da mahaifiyarsa a kicin suna magana da yarensu. Na tsaya bayan ƙofa. Na ji sunana. Sai na ji kalmar nan daga bakinsa, ƙarara! Mahaifiyarsa ta saki cokali ya faɗi.

Na ajiye bokitin, na hau sama na tattara kayanmu. Gara mu koma ƙarƙashin bam tare da a raba mu.

A bakin shinge ya tare mu.

"Ina zuwa da jaka?"

"Matsa mini!"

"Noreen, me na yi?"

"Na ji ka! Na ba ka amana, ka je ka ce mata muna da llau!"

Ya yi sororo. Can sai bakinsa ya fara rawa.

"Sake faɗa..."

"Dariya ma za ka yi?"

"Llaw na ce, ba llau ba!" Ya kamo hannuna ya ɗaga. "Wannan! Hannu! Ce mata na yi zan nemi hannunki... aurenki nake so, masoyiyata."

Jakar ta suɓuce mini. Na rasa inda zan sa fuskata. Duk da haka sai da na tambaya, "To me ya sa kuka sa musu suna kusan iri ɗaya?"

"Don mu kama masu laɓe."

Bridie ta ƙyalƙyale da dariya, ni kuwa hawaye ne ya zubo mini.

"Gwilym, ina son ka... amma ba ni kaɗai ba ce. In aka ɗauke yarinyar nan, bin ta zan yi. Kuma mahaifiyarka in ta sani..."

"In na san me?"

Misis Pritchard ce tsaye a ƙofa, kwalbar kananzir a hannu ɗaya, mataji a ɗayan.

"Ni nake wanke rigunan matasan kai a gidan nan, 'yar nan. Kin ɗauka makauniya ce ni? Jira nake ki buɗe baki ki nemi taimako, kin tsaya kunya."

"Na zaci korar mu za ki yi..."

"Kora? Shi wannan zabgegen da yake ƙarami sau nawa na aske shi ƙwal?"

"Haba Mam!"

"Rufe mini baki. Bridie, zo nan, jikata. Babu nas ɗin da za ta fitar mini da ke daga gidan nan." Sai ta juyo gare ni. "Ke kuma yaron yana jira. Ki ba shi hannun, sauran ki bar mini."

Hannuna dai yana cikin nasa, ban janye ba.

Washegari da safe na fito da kujera tsakar gida, inda kowa ke gani. Na taje Bridie tas, na duba kan Misis Pritchard, ita ma ta duba nawa. Sannan na kira Gwilym daga garke, na zaunar da shi na buɗe gashinsa.

"Ni kam tsaf nake," in ji shi.

Guda biyu na samu.